Sawu a Matakalar Baya

Matar mai walda ce ta fara gani. Ta fito da bokiti da sassafe, ta tarar akwatin famfo a buɗe, kwaɗon yana lilo, gwangwanin tace ruwa babu shi. Ihunta ne ya tashe ni, don ranar hutuna ce, wadda ke zuwa sau ɗaya a kwana goma.

Gidanmu hawa huɗu ne, ɗaki arba'in, famfo ɗaya a tsakar gida. Ruwan yana ratsa ƙarƙashin masana'anta kafin ya iso wurinmu, shi ya sa Hukuma take ba kowane gida gwangwani ɗaya duk wata shida, tsawonsa kamar hannun mutum, a ɗaura a bakin bututu. In ya ɓace, gida ya miƙa ɓarawon ga mai duba, a kai shi Rami, inda ake fasa dutsen da muke ƙonawa a tanderu. In ba a miƙa kowa ba, a rufe famfon wata guda. Ban san wanda ya shekara biyu a Rami ba. Mai duba kuwa washegari zai zo.

A garinmu mutane ba sa tsufa. Mahaifina ya rasu yana da arba'in da ɗaya, mijin 'yata ko talatin bai kai ba. Wasu sun ce tokar tanderu ce, wasu sun ce ruwa ne, wasu sun ce aikin awa goma sha biyu. Ranar da ka cika arba'in za a canza maka kati, asibiti ta daina ba ka magani. Wanda aka ji yana tari kuma a karɓe masa aiki, saboda haka kowa ya iya haɗiye tarinsa. Ni ina da arba'in da uku. 'Ya'ya uku muka haifa, Auta kaɗai ta rage mana, ita da ɗanta ɗan wata bakwai. Kullum kafin in fita sai na ɗora kunne a ƙirjin yaron nan, har uwar Auta takan ce, "Ka bar min angona ya yi barci, kai ba likita ba."

Da na sauko, tsakar gida ta cika. Dogo mai lodi ne ya tsuguna yana nuna ƙasa. Kullum kafin gari ya waye ake buɗe tanderu, toka ta sauko ta rufe komai kamar an barbaɗa gari. A gindin akwatin akwai sawun dogon takalmin roba, mai zanen haƙora a ƙasa, irin wanda ake ba ma'aikatan gidan wanki. Mutum ɗaya ce a gidanmu take aiki a can, Auta.

"Ba ita ce jiya take cewa ruwan nan yana sa ɗanta zawo ba?" in ji Dogo. "Ta kai ɗaki ta tace wa nata, namu su mutu."

Ɗansa ya rasu bara yana shekara shida, shi ya sa babu wanda ya iya ce masa ya yi shiru.

Auta ta ce, "Baba, wallahi ban sauko ba." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Aka bincike ɗakinmu ba a ga komai ba, duk da haka aka kulle ta a ɗakin ajiyar tsintsiya da yaron a baya. Uwarta ta riga ta bi motar ma'aikata ta ƙarfe shida, ba ta san halin da ake ciki ba.

*

Mai Sawu tana zaune a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakalar gaba. Shekararta arba'in da takwas, duk gidan babu wanda ya kai ta. Ba a gaishe ta. Shekara goma sha huɗu ta yi tana bi wa Hukuma sawun waɗanda suka gudu daga Rami, kuma ba a taɓa jin wanda ya kuɓuce mata ba. Ni ma ban taɓa tsayawa ƙofarta ba sai ranar.

"Yaya, barka da hutawa."

"Yau kuma ni ce Yaya?" Ba ta ɗago ba, tana ɗinke wata safa. "Shekara tara kana wuce ni kamar tukunyar shara."

"Na yi laifi. 'Yata ce."

"Na ji. Bangon nan ba shi da kauri." Ta ciza zaren ta yanke. "Ka san halin sawu? Ba ya zaɓe. In na bi ya kai ni wurinta, ba zan ce maka bai kai ba."

"Na yarda."

"Ba ka yarda ba, tsoro ne ya sa ka faɗa. Miƙo min sandar can."

A tsakar gida ta tsaya ta dubi ƙasa, ta yi tsaki. "Kun tattake wurin kamar kasuwa." Ta tsuguna a gindin akwatin ta daɗe, sannan ta taɓa kwaɗon da yatsa ɗaya. Ta ce a kira mata mai makulli.

Mai makulli gajere ne, kullum mabuɗin yana rataye a wuyansa. Ya zo yana rantsuwa tun daga nesa cewa ko wanka da shi yake shiga.

"Na ga alama," in ji ta. "Rufe kwaɗon in gani."

Ya danna, ya ƙi kamawa. Ya sake dannawa. Gumi ya keto masa.

"Tun yaushe?"

"Tun bara," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "In na kai rahoto ni za a ɗora wa. Sai nake jingina shi kawai, ya yi kamar a rufe."

"To mabuɗin fa da kake yawo da shi?"

"Ai in na cire za a tambaya."

Na ji kamar in shaƙe shi. Na ce, "Yaya, ga shi nan! Shi ya san a buɗe yake."

"Shi da duk wanda ya taɓa jingina da akwatin nan yana jiran bokiti ya cika. Dubi ƙafarsa, Baban Auta. Ko da mai ba za ta shiga wancan takalmin ba."

*

A ƙofar mai walda akwai baƙin gari ya zuba a dokin ƙofa. Ni na fara gani, na ja hannun Mai Sawu. Kowa ya san gawayi ne a cikin gwangwanin tacewa.

Mai walda ya fito da tabarau a goshi, ya dube mu, ya dubi garin, ya yi dariya. "Haba Yaya. In da ni ne ai har kwaɗon zan tafi da shi, ƙarfe ne mai kyau."

"Wannan fa?"

Ya shiga ya fito da wasu ƙyallaye guda uku masu igiya, an ɗinke su ruɓi biyu. Gawayin girki yake dakawa ya cusa a ciki, yaransa su ɗaura a hanci in za su fita.

"Yana aiki?" na tambaya.

"Ina na sani? Amma in ban yi ba, ba na iya barci."

Mai Sawu ta murza garin a tafin hannu, ta busa. "Wannan na murhu ne. Na gwangwani ƙwaya-ƙwaya ne, kuma ba ya ɓata hannu haka." Ta share hannun a zaninta. "Ka rage daka shi da laushi, yana shiga musu hanci."

Daga nan na bi ta ƙofar ɗakin tsintsiya. Na ji yaron yana ƙananan kuka. Na sa baki a jikin katako na ce, "Auta, kin ci wani abu?"

"An miƙo min burodi. Baba, takalmana. Na wanke su jiya na jingine a bakin ƙofa, da safe na gan su da toka."

Na juya in gaya wa Mai Sawu, ashe ta ji. Ta riga ta nufi bayan gida.

*

Matakalar baya ba a binta, tun da ƙarfen riƙewa ya karye. Gefe ɗaya a buɗe yake, toka ta kwanta a kanta ba wanda ya taɓa. Sawun yana nan ɓaro-ɓaro, yana hawa, a manne da bango.

"Ka taka inda na taka," in ji ta.

Muka fara hawa. Tana nuna min da bakin sanda, tana magana kamar da kanta take. Ƙafar dama ta fi nutsewa, mutumin yana ɗauke da kaya mai nauyi a wannan gefen. Diddigen yana jan toka a kowane taki.

"Ƙafar da ke ciki ba ta cika takalmin ba. Wa ya fi 'yarka ƙaramar ƙafa?"

"Mata da yawa."

"Haka ne."

A taki na tara sawun ya tsaya, ƙafa biyu a haɗe. A jikin bango akwai shatin tafin hannu. Muka ci gaba. Taki tara, ƙafa biyu a haɗe, tafin hannu. Haka har hawa na biyu, ba ƙari ba ragi. Ita kanta Mai Sawu a nan ta zauna tana mayar da numfashi.

"'Yarka takan hau benen nan da goyo da bokiti ba ta tsaya ba, ina jin ƙafarta kullum a saman kaina. Wannan kuwa huhu ne ya ƙare."

Daɗi ya kama ni har na ce alhamdulillahi da ƙarfi. Kusa da inda ƙafafun suka haɗu akwai wani ɗan tudun toka, an tara shi da bakin takalmi. Ta sa sanda ta ture. A ƙarƙashi kaki ne, ja.

"Mai tsafta ce," ta ce. "Ko a nan ba ta yarda ta bar shi a fili ba." Sai ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun safe. "Baban Auta, a ɗakinku wa yake cewa ka yi gaba yana zuwa?"

Na buɗe baki in ce babu. Sai na tuna. Watanni ke nan in muka dawo tare, uwar Auta takan tsaya a gindin bene ta ce igiyar takalminta ta kwance, ko ta ce za ta gaida wance, in yi gaba in ɗora ruwa. Kullum da dalilinta. Ni kuwa sai in haye da sauri, don in je in saurari ƙirjin jikana.

Na zauna a kan tokar. Mai Sawu ta bar ni na ɗan jima, sannan ta ce, "Tashi. Ba mu kai ƙarshe ba."

Sawun ya wuce ƙofarmu ya hau rufin gida. A bayan tsohon tankin da ba ya aiki muka tarar da tulin jiƙaƙƙen yashi, da wata tsohuwar jakar matashi. Gwangwanin yana cikin tankin, an lulluɓe shi da buhu. Mai Sawu ta zare murfin ta karkata shi a tafin hannu. Baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo, masu tsabta, busassu.

Ta dubi ƙwayoyin, ta dubi yashin. "A wane sashe matarka take aiki?"

"Sashen cika gwangwanaye."

"To," in ji ta. Ta mayar da ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko guda a ƙasa ba.

*

Na jira motar ƙarfe shida ta yamma a bakin titi. Uwar Auta ce ta ƙarshen saukowa. Shekara ashirin da biyu muna tare, amma ranar na lura wuyan rigarta ya yi mata yawa.

"Lafiya ka zo tarye na kamar sabon ango?"

"An kulle Auta. Sun ga sawun takalminta."

Jakarta ta faɗi. Ta yunƙura za ta ruga, na riƙe ta. Nan tarin ya ƙwace mata, na sa jikina na kare ta daga idon direba har ya lafa.

"Nawa silifas ne, suna ƙara a bene," ta ce. "Na ɗauki nata don kada a ji ni. Wayyo ni, ban yi tunanin toka ba."

A hanya ta gaya min. Gwangwani iri biyu suke cikawa. Masu shuɗin zare a wuya na unguwar manya ne, su ake zuba wa gawayi. Marasa zare namu ne, yashi ake ɗura musu, a yayyafa gawayi a sama don mai leƙawa. Wadda ta faɗa a waje, Rami. Tun ranar da jikanmu ya fara zawo take fitowa da ƙwayoyin a lanƙwasar ɗankwalinta, abin da bai fi cokali ba a rana. Wata biyar kafin jakar matashin ta cika. Ta lissafta minti ashirin za su ishe ta ta hau rufi, ta zubar da yashin, ta cika, ta mayar kafin kowa ya tashi.

"Da ƙafar da na sani a da na yi lissafin," ta ce. "Hawan kaɗai ya ci min kusan awa. Kafin in rufe murfin na ji ihu. Na ce bari in dawo daga aiki in san dabara."

"Me ya hana ki gaya min? Ai da ni na ɗauka."

"Kai? Da tun daga wata na farko ka daina cin abinci, kowa ya gane."

"Tarin fa?"

Ta ce, "Kana da isasshen abin tsoro."

*

Mai Sawu ta sa mai makulli ya tara gida duka. Aka fito da Auta. Uwarta ta karɓi yaron ta rungume.

Mai Sawu ta juye bokitin yashi a tsakiyar mutane. "Wannan shi ne abin da ke cikin gwangwaninku har jiya." Ta ɗauko gwangwanin daga cikin buhu ta miƙa wa mai walda. "Ɗaura."

Ya ɗaura, aka buɗe famfo. Ta bar shi ya zuba na ɗan lokaci, sannan ta tara kofi ta miƙa wa matar mai walda. Matar ta kurɓa, ta tsaya.

"Ba ya ɗaci," ta ce. Ta sake kurɓa. "Wallahi ba ya ɗaci."

Kofin ya zagaya. Yara da ba su taɓa sanin ruwa ba shi da ɗanɗano ba suna ta kallon iyayensu.

"Mai makulli bai ɗauka ba, tsoro kawai gare shi," in ji Mai Sawu. "Mai walda ma haka. Yarinyar nan takalminta aka ara. Wanda ya ɗauka ya mayar, kuma abin da ya mayar ya fi abin da ya ɗauka. Sawun ya ɓace min a hawa na biyu. Ido ya tsufa."

"Ƙarya ne," in ji Dogo. Shi kaɗai ya ƙi karɓar kofin. "Ke sawu bai taɓa ɓace miki ba, ƙanina shaida ne." Ya tsuguna ya damƙi yashin, yana zuba ta tsakanin yatsunsa. "Shekara shida ɗana yana shan ruwa ta cikin wannan. Ni ba ɓarawo nake nema ba yanzu. Wa yake cusa wannan a ciki?"

Na riƙe gefen zanin matata. Ta zame hannuna a hankali, ta miƙa wa Auta yaron, ta fita tsakiya.

"Ni ce, Dogo. Ni da mata goma sha ɗaya. Shekara bakwai hannuna yana ɗura shi. Ranar da aka fita da ɗanka ina tsaye a can, na sani, ban buɗe baki ba. Ni na ɗauki gwangwanin yau. In za ka miƙa wani gobe, ga ni."

Ba wanda ya motsa. Famfon yana ta zuba a bokiti har ya cika ya fara malala. Dogo ya miƙe, ya fi ta tsawo da kusan rabi. Na matsa na tsaya kusa da ita, ko da yake ban san abin da zan iya ba.

"Wata nawa kika yi kina tarawa?"

"Biyar."

"A ina kike ɓoyewa?"

Ta taɓa ɗankwalinta.

Ya daɗe yana kallon ɗankwalin. Sannan ya sunkuya ya nuna lanƙwasar ƙafar wandonsa. "Buhunan gawayin nan ni nake sauke su daga mota. Kullum sai ɗaya ya yage. Wannan zai ci ninki huɗu na naki." Ya juya ga matar mai walda. "Ba ni kofin."

Mai walda ya ce zai mayar da darmar murfin yadda ko wanda ya ƙera ba zai gane ba. Mai makulli ya ce shi dai a saninsa ba abin da ya ɓace a gidan nan, aka yi dariya, har da masu hawaye. Wata ta ɗauko tsintsiya ta nufi matakalar baya.

Da mutane suka watse na je in yi wa Mai Sawu godiya. Ta ɗaga min hannu. "Mutum talatin da ɗaya na bi," ta ce. "Yau ne na fara bin sawu mai shi ya kwana a ɗakinsa. Je ka, kada ka sa ni magana."

*

Mai duba ya zo da safe, ya ƙwanƙwasa gwangwanin da biro, ya sa hannu a takarda. Aka miƙa masa ruwa ya ce ya gode, da nasa yake yawo.

Bayan kwana biyu na dawo daga aiki na tarar da katifarmu a tsakar gida, Dogo yana saukowa da akwatin kayanmu a ka. Mai walda da yaransa kuma suna hawa da nasu. Ɗakinsu na ƙasa ne, taki shida daga famfo.

"Wane ne ya ce ku yi haka?" na tambaya.

"Matata ce take son iskar sama," in ji mai walda. "Ka taimaka min, kada ta canza ra'ayi."

Uwar Auta tana zaune a kan kujera a sabuwar ƙofarmu, jikanta a cinya, tana ba da umarni inda za a ajiye kowane abu. Na san ɗakin ƙasa ba magani ba ne. Saura wata huɗu a canza mata kati, kuma abin da na gani a ƙarƙashin tokar nan ba ya komawa baya. Na durƙusa a gabanta, yaron ya miƙo hannu yana jira in ɗora masa kunne kamar kullum. Na shafa kansa, na ɗora kunnena a ƙirjinta.

"Mutane na kallo," ta ce.

"Su kalla."

"To me ka ji, likita?"

Na ji abin da na ji. Na ce, "Yi shiru, ban gama ba."

Ta ɗora hannu a ƙeyata, ta bar shi a nan.